Farautar Zakin Dutse a Ƙasar Amurka, da Karnuka ko Ba Karnuka

Kowane hakimi da ƙasarsa ta yi iyaka da daji ya san irin ƙarar da makiyaya su kan kawo game da namun daji. Yau kura ta ɗauke akuya, gobe an ga sawun damisa a bakin rafi, jibi dagaci ya aiko yana neman izini a tara maharba. Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. Mutanen Amurka sun yi shekara fiye da ɗari suna fama da wata dabba da su ke kira zakin dutse, sun gwada kusan kowace dabara a kanta, kuma da ya ke mutane ne masu rubuta abu su ajiye, lissafin abin da suka yi yana nan. Shi mu ke so mu duba tare da hakimai da malamansu a wannan darasi, musamman maganar da ta fi raba kawunansu, watau ko daidai ne a yi farautarsa da karnuka, ko kuwa a hana.

Kamanninsa da Halinsa

Sunan zaki da aka ba shi na aro ne. Ba shi da geza, ba ya ruri, muryarsa ta fi kusa da ta kyanwa. Launinsa ja-ja ne kamar na zakanya, ba zane a jikinsa sai yana ƙarami, wutsiyarsa doguwa ce mai baƙin baki. Ƙosasshen namiji ya kan kai nauyin laba 150, wani ya fi, mace kuwa ba safai ta ke wuce laba 110 ba. A hali da damisa ya fi kama, gama shi kaɗai ya ke yawo, da dare ya ke farauta, kwanton ɓauna ya ke yi, kuma gwanin hawan itace ne. Ana samunsa tun daga Yukon a arewacin Kanada har ƙarshen ƙasashen Cile da Ajantina, inda su ke ce masa puma. Duk nahiyar babu naman dajin da ya kai shi yaɗuwa a kan tudu.

Babban abincinsa irin barewar can ce. Ya kan kashe ɗaya a kwana bakwai zuwa goma, ya ci ya ƙoshi, ya ja sauran ƙarƙashin itace ya rufe da ganye, ya riƙa dawowa har ya ƙare. In ya sami tumaki ko maruƙa ba makiyayi, ba ya ƙin su. Mutum kuwa gudunsa ya ke yi. Daga 1890 zuwa yau waɗanda ya kashe a Amurka da Kanada duka kimanin talatin ne kurum.

Mace ta kan yi kwana kamar 90 da ciki, ta haifi 'ya'ya biyu ko uku, su zauna tare da ita wata 18, wasu har shekara biyu. A riƙe wannan, domin za mu komo kansa. Namiji ɗaya kuwa ya kan riƙe daji mai faɗin murabba'in mil 100 ko fiye, yana korar kowane namiji da ya shigo.

Abu biyu suka sa karnuka ke iya masa. Na farko, huhunsa ƙarami ne in an gwada da jikinsa. Yana da gudu na ɗan lokaci, amma ba shi da dogon numfashi. Na biyu, yana tsoron haushi. Dabbar da ta ke karya wuyan abin da ya ninka ta nauyi, sai ga karnuka uku sun kora ta kan itace. Masana suna zaton ya gaji wannan ne daga zamansa da kyarkecin ƙasarsu, wanda ke yawo ƙungiya-ƙungiya yana ƙwace masa nama.

Yadda A Ke Yi da Karnuka

Karnukan ba irin namu ba ne masu bi da ido da gudu. Waɗannan masu dogon kunne ne, da hanci su ke aiki, suna iya bin sawun da ya kwana. A jihohin arewa, kamar Aidaho da Montana da Kolorado, maharbi ya kan jira dusar ƙanƙara ta sauka da dare, ya fita da asuba yana bin hanyoyin daji har ya ga inda sawu ya ƙetare. Sawun faɗinsa inci uku ne zuwa uku da rabi, kuma ba alamar farce a ciki, domin zakin dutse ɓoye farcensa ya ke yi in yana tafiya. Da wannan a ke bambanta shi da sawun kare. Gwani ya kan auna tazarar taku: in ta wuce inci 40, galibi namiji ne. In kuwa ya ga ƙananan sawu suna biye, uwa ce da 'ya'yanta, sai ya bar karnukansa a ɗaure ya yi gaba.

In an saki karnuka sai su bi suna kuka, maharbi yana biye da ƙafa, hawa da gangara, wani lokaci mil goma. Ya san muryar kowane karensa. Da ya ji kukan ya sāke, ya zama gajere-gajere a wuri ɗaya, ya san dabba ta hau itace. A zamanin yanzu a kan ɗaura wa kowane kare abin wuya mai aiko da labari ta tauraron ɗan Adam, maharbi yana ganin inda su ke a ɗan akwatin da ke hannunsa. A jihohin kudu, Arizona da Sabuwar Meksiko, inda ƙasa busasshiya ce, aikin ya fi wuya nesa. Rana tana ƙone warin sawu tun hantsi, a kan alfadari a ke bi, kuma a kan kwana biyu ko uku a kan sawu ɗaya a ƙarshe a rasa. A can ne wani tsohon maharbi, Ben Lilly, wanda ya rasu a 1936, ya yi suna. Ana ba da labari cewa ba ya farauta ran Lahadi ko kusa, ko da karnukansa sun riga sun hau da dabba itace. Sai dai ta jira shi Litinin.

Harbin kansa ba wani abu ba ne. Dabba tana zaune a kan reshe, taku kaɗan daga bakin bindiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: karnuka ke aikin, su ke shan yaga in dabba ta ƙi itace ta ja daga a jikin dutse, kuma tun da aka komo da kyarkeci Aidaho a 1995 ya sha kashe karnukan maharba a daji. Amma akwai abu ɗaya da tsayuwa a gindin itace ke ba maharbi wanda ba wata hanya da ke ba shi, shi ne damar dubawa a natse. Namiji yana da ɗigon baƙin gashi kamar inci huɗu zuwa biyar ƙasa da gindin wutsiya. Mace mai shayarwa kuwa nononta ya kan nuna. Maharba da yawa su kan duba, su ɗauki hoto, su ɗaure karnukansu su koma gida.

Ba haka a ke yi a dā ba. A farkon 1901 Theodore Roosevelt, watanni kaɗan kafin ya zama Shugaban Amurka, ya yi makonni yana farauta da karnuka kusa da garin Meeker a Kolorado. Shi da mutanensa suka kashe 14, wasu ma da wuƙa ya soke su karnuka suna danne da su. Babbansu nauyinsa laba 227.

Zamanin Lada

Shekara da shekaru hukuma ba ta ɗauki zakin dutse a bakin komai ba sai ɓarawon dabbobi. Kowa ya kawo fata a biya shi. Jihar Kalifoniya ta fara biyan dala 20 a kan kowane ɗaya a 1907, daga baya ta ƙara kuɗin mace ya fi na namiji, don a yanke iri. A 1919 ta ɗauki maharbi na gwamnati, Jay Bruce, wanda shi kaɗai ya kashe kusan 700. Kafin a daina biya a 1963 an biya lada a kan fiye da 12,400. A gabashin ƙasar kuwa, da bindiga da tarko da sare daji, an riga an ƙare su tun tuni, sai 'yan kaɗan da suka saura a fadamun Fulorida. A 2018 gwamnatin tarayya ta soke sunan irin na gabas daga littafinta, ta ce ya ƙare.

Labarin da ya fi shahara na wannan zamani shi ne na tudun Kaibab a Arizona, a gefen babban kwazazzabon nan na Grand Canyon. A 1906 Roosevelt ɗin nan ya mai da wurin gandun daji, aka hana harbin barewa, waɗanda a lokacin a ke ƙiyasta su 4,000. Aka sa ma'aikata su share duk abin da ke cin barewa, suka kashe zakin dutse fiye da 700, ban da kyarkeci da diloli dubbai. Barewa suka yi ta haihuwa. Kafin 1924 sun cinye ganyen da bakinsu ke kaiwa, har suna ɓare ɓawon itatuwa. A ƙarshen shekarar wasu mutane suka yi dabarar su kora su kamar shanu su ƙetare kwazazzabo da su zuwa ɗaya gefen. Barewa suka watse, ba a ƙetare da ko ɗaya ba. Hunturun nan da na bayansa suka mutu da yunwa dubbai.

An daɗe ana koyar da wannan labari a makarantu da cewa barewa sun kai 100,000. A 1970 wani masani, Graeme Caughley, ya koma kan takardun asali, ya tarar ba wanda ya ƙidaya su. Wani baƙo ya ce 100,000, ma'aikatan wurin suka ce kamar 30,000, marubuta suka ɗauki wanda ya fi daɗin faɗi. Ya kuma nuna cewa a shekarun nan an rage tumaki da shanu masu kiwo a tudun ƙwarai, wannan ma ya bar wa barewa abinci. Yunwar dai ta auku, ba mai musu, kuma masana da yawa har yanzu suna ganin kashe zakunan yana cikin dalilanta. Amma malamin da ya taɓa cika takardar jangali da abin da dagaci ya ce yana tsammani, ba da abin da aka ƙidaya ba, ya san yadda irin wannan lissafi ke shiga littafi ya ƙi fita.

Lasin da Lissafi

Abin da ya sāke al'amari shi ne bincike. A 1964 wani matashi, Maurice Hornocker, ya shiga duwatsun tsakiyar Aidaho tare da wani maharbi mai karnuka, Wilbur Wiles. Karnuka su hau da dabba itace, a harbe ta da allurar sa barci, a auna ta, a sa mata alama, a sake ta. Suka yi hunturu da yawa a kan haka. Suka gano cewa zakin dutse ba ya cika daji ba iyaka, domin manyan ba su barin ƙanana su zauna a ƙasarsu, kuma barewa da manyan namun wurin suna ƙaruwa duk da yana cinsu.

Jihohi suka shiga soke lada. Kolorado da Nebada suka sa shi cikin namun dajin da a ke farauta da lasin a 1965, Aidaho ta bi a 1972. Tsarin Kolorado ya cancanci malamai su dube shi, gama kusan duka aikin alƙalami ne. An raba jihar yanki-yanki, kowane yanki da iyakar adadin da za a kashe a shekara. Ba a sayar wa mutum lasin sai ya ci jarrabawar bambanta namiji da mace. Kafin ya fita tilas ya bincika ko yankin da ya nufa yana buɗe, domin da adadi ya cika a ke rufe shi. In ya kashe, ya ba da labari cikin awa 48, ya kawo dabbar gaban ma'aikaci cikin kwana biyar, a duba, a sa hatimi, a cire haƙori ɗaya don a san shekarunta. Haramun ne a kashe ɗa, ko uwar da ke tare da 'ya'ya. Ma'aikatar jihar tana ƙiyasta manyan da ke dajinta tsakanin 3,800 da 4,400, kuma a kan kashe wajen 500 a shekara, mafi yawa da karnuka.

Amfanin haƙoran nan babba ne. Ba mai iya ƙidaya dabbar da ba a ganinta. Amma in littafi ya nuna manyan mata suna yawaita cikin waɗanda a ke kawowa, ko shekarun mazan suna raguwa, an san an fara cin uwar kuɗi, sai a rage adadi.

Ba dukan jihohi ke bin wannan ba. Teksas ba ta taɓa sa iyaka ba, sai a 2024 ta kafa doka cewa mai tarko ya duba tarkonsa kowace awa 36. Yuta ta buɗe farautar shekara duka a 2023. Kalifoniya ta bi ɗaya gefen: ta dakatar da farautar a 1972, zamanin Gwamna Ronald Reagan, sa'an nan a 1990 jama'a suka jefa ƙuri'a suka hana ta ɗungum.

Inda Aka Hana Karnuka

Mutanen birni da yawa suna ganin harbin dabbar da aka ritsa a kan itace ba farauta ba ce, yanka ce, balle da aka zo da na'urar wuyan kare. Suna kuma cewa uwa ta kan bar 'ya'yanta a ɓoye ta fita, maharbi ya gan ta ita kaɗai ya harbe, 'ya'yan su mutu da yunwa. Wannan magana tana da gaskiya a ciki. Da ƙuri'ar jama'a aka hana karnuka a jihar Oregon a 1994, aka hana a jihar Washinton a 1996.

Farauta ba karnuka iri uku ce. Wani ya bi sawu a kan ƙanƙara da ƙafarsa, wanda ba safai ya ke cim ma dabbar ba. Wani ya ɓuya yana busa abin da ke kwaikwayon kukan ɗan barewa, har zakin ya taho. Wannan yana da hatsari, don sau da yawa ta baya ya ke ɓullowa. Wani kuwa ya sami mushen da aka rufe da ganye ya zauna yana jira. Amma mafi yawan waɗanda a ke kashewa, mai farautar barewa ne ya ci karo da shi ba zato.

Ga abin da ya biyo baya. Da aka ga kisa ya ragu, makiyaya suna kuka, sai ma'aikatun jihohin biyu suka karya kuɗin lasin, suka tsawaita lokacin farauta. Lasin da a dā 'yan ɗaruruwa ke riƙe da shi ya koma hannun dubban mutane. Cikin 'yan shekaru adadin da a ke kashewa ya komo yadda ya ke, har ya wuce. A Washinton aka ga mata da ƙanana sun ƙaru cikin abin da a ke kawowa, gama wanda ya hangi dabba tana wucewa daga nesa ba shi da lokacin neman baƙin ɗigo. A ganina masu ƙuri'a sun kawar da abin da idonsu ke ƙyama, amma dabbar da suka so su taimaka ba ta ga rangwame ba. Wannan ba ya nufin masu karnuka sun wanku sarai. Su kuma babban namiji su ke nema, mai babban kai, kuma shi ma kashe shi yana da nasa sakamako.

Masana na Jami'ar Jihar Washinton suka bi wannan da bincike, suka buga abin da suka samu a 2013: inda aka kashe da yawa a bana, ƙarar makiyaya ta kan ƙaru baɗi. Dalilin da suka bayar shi ne, in an kashe tsohon namiji, samari biyu ko uku su ke shigowa su raba ƙasarsa, su kuwa samari su ne marasa wayo, masu shiga garke da bayan gida. Samarin nan suna da nisan tafiya. A 2011 mota ta kashe wani a jihar Konetikat, aka gwada jininsa aka tarar daga duwatsun Dakota ta Kudu ya taso, tafiyar fiye da mil 1,500. Akwai masanan da ba su yarda da dukan wannan bincike ba, amma jihar ta riga ta ɗauki shawarar a 2012, ta ce kada a kashe fiye da kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari na kowane yanki. A Kolorado kuwa, da aka kawo maganar hana farautar gaban jama'a a 2024, wajen kashi 55 cikin ɗari suka ƙi.

Karnukan da suka kusa ƙare zakin dutse su ne kuma suka tsamo na Fulorida. A 1973, sa'ad da mutane da yawa ke zaton sun ƙare, wani maharbin Teksas, Roy McBride, ya hau da wata tsohuwar mace itace da karnukansa, aka tabbata suna nan. Waɗanda suka saura ba su fi 20 zuwa 30 ba, barbarar dangi ta lalata su, ana haifarsu da karyayyar wutsiya da ciwon zuciya. A 1995 aka kawo mata takwas daga Teksas aka saka a dajin. Ƙiyasin 2017 ya ce manya sun kai tsakanin 120 da 230, kuma abin da ya fi kashe su yanzu mota ce.

Saura maganar makiyayi wanda aka kashe masa dabba, gama ko a Kalifoniya ba a bar shi ba gata ba. Ya kan kai ƙara, ma'aikaci ya zo ya duba mushen da idonsa kafin a rubuta takardar izini, kuma takardar ta 'yan kwanaki ce, a kan wannan dabba kaɗai. Abin da ma'aikaci ke dubawa sananne ne. Zakin dutse a wuya ko ƙeya ya ke cizo, ya ja mushen zuwa inuwa, ya fara ci ta haƙarƙari, ya rufe saura. Karnukan gari kuwa ta cinya da ciki su ke kamu, su raunata da yawa, su bar su warwatse a fili. Ba sau ɗaya ba a kan je a tarar ashe karnukan maƙwabci ne. Maharbanmu ma sun san irin wannan: damisa a maƙogwaro ta ke kamu ta ja naman ta ɓoye, kura kuwa har ƙashi ta ke taunewa. Yana da kyau malamin hakimi ya san su shi ma, ya rubuta ranar da abin ya auku, da wurin, da irin raunin, da ko dabbar a garke ta kwana ko a sake, kafin a aika wa Sarkin Baka. Zakunan da suka rage a Nijeriya duka ba su kai hamsin ba, a Yankari da dajin tafkin Kainji, saboda haka ƙarar da ta ambaci zaki a miƙa ta ga ma'aikatan gandun daji tun ranar da ta zo.